Huda ta Bakwai a Silifan Mani

Ubana Ɗanjummai bakanike ne, kuma yana nan da ranshi, kar wani ya ji na ɗauko labarinshi ya fara Allah ya jiƙan rai. Rumfarshi na bakin Batsari, inda hanya ke miƙewa kudu wajen Runka. Langa-langa huɗu ce da buhu, sai benci ɗaya da ya girme ni. Ni sunana Baiwa, amma shi Uwata yake ce mani, don sunan tsohuwarshi na ci. Da aurena ya mutu na dawo gida, sai na kafa kaskon awara a gefen rumfar, mai jiran gyara ya ci, wanda aka gama ma nashi ya ci. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a gabana aka yi, ban da abu guda, shi kuma zan gaya maku in mun zo wurin.

Asalinmu wani ɗan ƙauye ne bayan Yasore, gida bai fi ashirin ba. Kakana har ya mutu bai kai goshi ƙasa ba, da aradu yake rantsuwa. 'Ya'yanshi suka rabu, Baba ya bi malamai tun yana saurayi, ƙanenshi Luka ya bi 'yan coci, kuma har gobe kwano ɗaya suke ci in an haɗu. Da facin keke Baba ya fara. Da mashin ya cika ƙasa ya koya da ido, babu wanda ya zaunar da shi. Shekarar da mutanen daji, ɓarayin nan masu bindiga, suka ƙone mana rumbuna, ya ɗaure sifanunshi cikin buhun taki, ya sa mu gaba muka taho Batsari a ƙafa. Bai yi kuka ba, bai yi zagi ba. Ni na yi mashi zagin, tun daga ƙofar gida har kwalta.

Gajere ne, baƙi, ba shi da magana. In ka gaishe shi sai ya gama kallon mashin ɗinka kafin ya amsa. Sifana mai lamba goma ba ta barin aljihunshi, har masallaci da ita yake zuwa. Gyaran inji dai ba zan yi maku ƙarya ba, akwai waɗanda suka fi shi a cikin gari. Inda babu mai kama ƙafarshi shi ne kashe kwaramniya.

Kun san robobin nan na jikin mashin, hular fitila da murfin gefe. Baba rigar mashin yake ce masu. Hanyarmu rami ce da tsakuwa, sabon mashin wata biyu zai yi 'yan zoben robar da ke jikin noti su tsage su zube. Daga nan sai ƙarfe ya riƙa cin riga, kakaf-kakaf, kana tafe kamar mai tallan gwangwani. Wawan bakanike sai ya ƙara ɗaure noti, kwana biyu riga ta dare daga bakin huda. Baba in ya ga irin wannan aikin har abinci ba ya yi mashi daɗi.

"Ƙarfe da roba ba su zama babu mai shiga tsakani." Maganarshi ke nan, ita ma sai ya yi sati bai faɗa ba.

Mai shiga tsakanin ita ce washa. Ba ya sayen ta shago, ya ce wannan ko arba'in ba ta kaiwa. Siririyar da ke zama ƙarƙashin kan noti, da tsohon tiyub yake yanka ta. Mai kaurin kuwa, wadda ke shiga ta baya ta ɗaga riga daga jikin ƙarfe, da silifa yake yi. Yana da wani guntun fayif da ya wasa ma baki. Ya ɗora silifa kan kututture, ya kafa fayif, guduma ɗaya, fat, ta fito kamar kwabo. Sai ya huda tsakiyarta da ƙarami. Wajen ɗauri kuma ba noti yake kallo ba, washar yake kallo. Da ta yi ɗan kumatu ya tsaya. Ka bi ramin da ka ga dama, ko ƙis ba za ka ji ba.

Amma fa ba kowane silifa ba. Naka. In ka kawo mashin sai ya ce koma gida ka kawo tsohon silifanka, ƙafa ɗaya ta isa. In ya gama bugawa kuma ba ya ba ka ragowar, sai ya rataye a waya cikin rumfa. Dalilinshi, in ɗaya ta faɗi a hanya daga silifan nan zai sake fitar da wata, kauri ya zo daidai, riga ba ta karkace ba. Dalilin mutane daban. Wai takalmin da ya san hanyar gida shi ke maido mai shi gida. Wai abin kakana ne ya gada. Liman ya taɓa aikowa a tambaye shi, ya ce shi bai san wannan ba, shi kauri yake nema. Ni dai abin da na gani, da hanya ta lalace, har masu sabon mashin da ko ƙara bai fara ba sai ga su da silifa a leda, suna wani sunkuyar da kai.

Da waya ɗaya ce. Shekarun nan suka mai da ita biyu. Duk wanda aka kawo gawarshi aka yi mashi salla, Baba zai sauko da silifanshi ya mai da wayar ƙasa. Wanda aka tafi da shi ba a ga gawa ba, yana nan sama tare da masu rai, don Baba ya ce ba shi zai kashe mutum da hannunshi ba. Babu suna a jiki, amma nuna kowanne zai gaya maka mai shi da uban mai shi.

Ku zo ku gani da rana tsaka, lokacin da hanya ta ɗauke, ko kaza ba ta motsi. Ƙafa ɗai-ɗai sun fi ɗari suna reto, kowace da huda-huda kamar idanu, ga shatin yatsun mai ita a lotse. Ko babu iska sai ka ga ɗaya ta juyo a hankali ta tsaya saitinka. Mata kan zo su ce awara za su saya, sai su tsaya suna leƙen rumfa har awarar ta huce a hannu. Ban taɓa ce ma ko ɗaya uffan ba, ni da bakina ba ya shiru.

A wayar sama, na huɗu daga dama, akwai wani shuɗi. Na Mani ne.

Mani ɗan acaɓa ne, ɗan Inna Tasalla mai daddawa, shi ne na farinta kuma shi kaɗai ne namiji. Batsari, Zakka, Runka, nan yake jigila, mutum ko buhu duk ɗauka yake. Dogo, ga wushirya, ga rashin kunya irin tawa. Ranar da ya kawo silifan ina tsaye. Salansar mashin ta taɓa ƙona silifan, ta bar mashi baƙin layi tun daga dunduniya har tsakiya.

Na ce, "Wannan ne takalmin naka? Ko kare ya gani sai ya yi maka sadaka."

Ya ce, "Ke bazawara, iya bakinki. Da ɗan'uwanshi zan zo gaisuwa gidanku."

"Ka zo mana. Akwai taɓarya bayan ƙofa."

"Baba, kana dai jin ɗiyarka ko?"

Baba ko ɗagowa bai yi ba. Ya buga guda shida, huɗu na hular fitila, biyu na murfin gefe, ya rataye sauran.

Damunar da aka yanke sabis ɗin waya, wata Talata da hantsi, Mani ya ci awarata, ya ce yaji ya yi kaɗan, ya ɗora buhun gishiri ya yi Runka. Bai isa ba. Ba a ga mashin ba, ba a ga jini ba, ba a ga gishiri ba. Aka ce a bari sabis ya dawo, za su kira. Sabis ya dawo, wayar kowa ta yi ƙara ban da ta gidansu. Dangi suka ce a yi sadaka a haƙura, Inna Tasalla ta ce duk wanda ya daka gumba a gidanta shi kaɗai zai cinye abinshi. Baba ya bar silifan a sama.

Ni kuma ba zan ɓoye ba, in Baba ya tafi masallaci sai in shiga rumfa in riƙa sa yatsa cikin hudojin ina ƙirgawa. Ba don komai ba. To, don komai ne, sai me? Shida ne, hayaƙin kaskona ya mai da cikinsu baƙi ƙirin. Na yi wata da watanni ina wannan haukan, daga baya na ce ma kaina ya isa, na daina.

Shekara ɗaya da wata biyu da ɓatanshi, da kaka, mutanen daji suka faɗa ma masu yankan dawa a gonakin bayan Yasore da rana kata. Suka kashe mutum biyu, suka kora shanu. Waɗanda suka tsira suka ce abin da ya cuce su, ba su ji zuwansu ba. Tun daga kan tudu aka kashe inji aka gangaro, mashin ɗin gaba ko motsin sauro ba ya yi, sai ganinshi suka yi a kansu. Da gari ya waye samarin da ke gadin gari suka bi sawu, suka tarar da mashin ɗaya a mashigin rafi. Ba a yashe yake ba. A tsaye yake kan ƙafarshi, an juya kanshi yana kallon gari, ga makulli a jiki, kamar mai shi ya zaga bayan kargo zai dawo. Babu lamba, an kankare fenti, an naɗe tanki da baƙar roba.

A lokacin nan kalmar infoma ta fi bindiga kisa. Wata guda kafin nan aka ce wani mai cajin waya yana yi ma mutanen daji aiki. Samari suka tafi da shi bayan gari wai za a yi mashi tambaya. Har yau ana tambayar. Babu wanda ya san ko ya yi ko bai yi ba.

Ina juya awara da hantsi sai na ga ana turo mashin, mutum kamar talatin a baya, babu mai magana. A gaba Kamilu ne, shugaban samarin, da bindigar toka a kafaɗa, layu har wuya. Kamilun da duk safiya sai ya rusuna ya gaida Baba.

"Ɗanjummai," ya ce.

Babu Baba. Ɗanjummai gatsal.

"Fito ka ga aikinka."

Baba ya fito yana goge hannu da tsumma. Kamilu ya sa tsinin wuƙa ya ɗaga gefen hular fitila. Ga washa nan a baya, mai kauri, bugun fayif.

"Duk ƙasar nan wa ke wannan in ba kai ba?"

"Ni ne," in ji Baba.

"To yaushe suka kawo maka? Nawa ka sani a cikinsu?"

Baba ya ci gaba da goge hannu da tsumma.

"Kai ka kashe masu ƙara suka yanka mutane kamar kaji. Ɗauko hularka mu je."

Wani har ya fiddo igiya. Baba na tsaye yana kallon mashin kamar an dasa shi. Na san ubana ba shi da magana, amma shirun ranar daban ne. Lokacin ban gane ba, na ɗauka tsoro ne kawai. Na yar da matsami na shiga tsakani.

"Kai Kamilu, uban wa za ka ɗaura ma igiya?"

"Baiwa, matsa. Ba maganar mata ba ce."

"Maganar gyatumarka ce! Mashin nawa suka ƙwace a hanyar nan? Naka da aka ƙwace bara wajen Zakka, ba washar Baba ce a jiki ba? In an tsince shi gobe kai ma infoma ne?"

Wani daga baya ya ce, "Ta fa faɗi gaskiya." Wani ya ce a rufe ma 'yar banza baki.

Kamilu ya ce, "To na ji. In na ɗan gari ne aka ƙwace, na wa? Babu lamba, babu fenti. Ya faɗi mai shi yanzu, ya kuma nuna mana shaida. In babu, ko ke kika kwanta a hanya sai mun tsallake ki."

Baba bai buɗe baki ba. Mutumin da ya san mai kowane silifa da ubanshi. Na duƙa da kaina na leƙa bayan hular, na tofa yawu a yatsa na murza washar. Ƙura ta fita. Shuɗiya ce.

Shuɗin silifa ya kai ashirin a rumfar nan, amma ƙafafuna ba su yi shawara da ni ba. Na shige ciki, na miƙa hannu wayar sama, na huɗu daga dama. Na sauko da shi, bayana na wajen mutane. Ga baƙin layin salansa. Yatsana ya bi hudojin da kanshi, yadda ya saba. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida.

Bakwai.

Can wajen yatsu, inda da babu komai, ga sabuwar huda. Cikinta shuɗi tas, ko ƙura ba ta gama zama ba. A silifan mutumin da ya yi wata goma sha huɗu da ɓata.

Ba sai an yi mani karatu ba. Baba kaɗai ke taɓa fayif ɗin nan. Sabuwar huda na nufin mashin ɗin nan ya zo rumfar nan kwanan nan, yana hannun mutanen daji, kuma Baba ya gyara. Kamilu na ganin shuɗin nan, igiya ta tabbata.

Hannuna duk mai ne da baƙin gindin kasko. Na cusa ɗan yatsa cikin hudar na murza, na sake murzawa, na shafa a dunduniya, na shafa ko'ina kamar garin riƙo ne ya ɓaci. Sannan na fara ihu tun kafin in juyo, don kar a lura da abin da na yi.

"Ga shi nan! Na Mani ne, ɗan Inna Tasalla! Ku kwance ku gwada, 'yan baƙin ciki!"

Kamilu da kanshi ya zaro sifana daga aljihun Baba. Ya kwance noti shida, ya jera washa shida a kan benci. Na ɗauki ɗaya na tura cikin huda, ta zauna daram.

"Wannan ba shaida ba ce," in ji shi. "Fayif ɗaya ne. Kowace za ta shiga kowane silifa."

Na ce, "Kai dai ba ka da ido sai na bindiga. Duba nan."

Biyu daga cikin shidan suna da ɗan baƙin layi a gadon bayansu. Na sa ɗaya a hudar dunduniya, na juya ta a hankali, na juya, sai layin ya haɗu da na silifa, ya miƙe sak kamar ba a taɓa yanka shi ba. Na sa ta biyun, ita ma haka. Na ji ana salati a bayana.

Kamilu ya karɓi silifan ya ɗaga sama yana kallon rana ta cikin hudojin. Bakinshi na motsi. Ƙirga yake.

"Huda bakwai. Washa shida."

"Ɗaya ta faɗi mashi a hanyar Zakka tun yana nan, aka sake wata. A gabana aka yi."

"Ki rantse."

"Wallahi tallahi."

Na rantse, Allah ya yafe mani. Na yi azumi uku daga baya, ban sani ba ko sun isa. Kamilu ya sa yatsa cikin ta bakwai ɗin ya murza. Ya fito da shi baƙi. Ya kalla, ya goge a wando.

Ashe wani ya ruga ya gaya ma Inna Tasalla. Sai ga ta babu mayafi, hannunta duk daddawa, mutane na dare mata. Matar nan shekara talatin ba a taɓa jin sunan ɗanta a bakinta ba, ɗan fari ne, sai dai yaron nan, ko wancan. Ta karɓi silifan daga hannun Kamilu ba ta ko kalle shi ba. Ta ɗora yatsunta cikin shatin yatsunshi. Ta ce, "Mani." A hankali. Sai ta juya ta fuskanci hanyar kudu ta sake faɗa da ƙarfi, irin kiran da ake ma yaro ya zo ya ci tuwo.

Babu namijin da ya iya ɗaga kai. Igiyar nan ban san inda ta shige ba.

Kamilu ya mai da sifana aljihun Baba da hannu biyu. "Baba, a yi haƙuri. Zamani ne." Suka tura mashin ɗin zuwa zauren Inna Tasalla, babu washa ko ɗaya a jiki, turawa kawai ake amma kakaf-kakaf har suka sha kwana muna ji.

To ga abu gudan da na ce ba a gabana aka yi ba.

Bayan la'asar, da hanya ta ɗauke, na zauna kan benci kusa da shi na ce, "Baba, bakwai."

Ya ce, "Na ga hannunki, Uwata."

Sai ya ci gaba. Tunda nake ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon ta ranar ba.

"Sati uku ke nan. Ranar da kika tafi suna Zakka. Bayan azahar, rana ta take, babu kowa. Ban ji zuwanshi ba. Na ɗago kawai na ga mutum riƙe da mashin a kashe, rawani ya rufe fuska sai ido. Ya ce Baba barka da aiki, ya gida, ya iyali, ya ƙarfin jiki. Ya bi gaisuwa duk bai tsallake ko ɗaya ba. Muryar na gane. Ya ce murfin hagu na kuka, ya hana shi jin hanya."

"Sai ka gyara."

"Sai na tashi na ɗauko silifanshi. Bai ce mani shi ne ba, ban ce mashi shi ne ba."

"Haba Baba! Ba ka tambaye shi inda yake ba?"

"Na ce ka biya gida? Ya ce a'a. Na ce tsohuwa na nan tana jira. Ina cikin ɗaure noti sai ya ce, Baiwa ta yi aure? Na ce ba ta yi ba. Ya ce to."

Rana na nan fa, ana jin injin niƙa daga cikin gari, amma sai na ji kamar an watsa mani ruwan randa. Na ce, "Baba, mutum ne ko me?"

"Ƙafarshi babu takalmi. Wannan na gani don ina duƙe. Da ya juya zai tafi na so in duba ƙasa in ga ko yana barin sawu. Uwata, ban iya ba. Na rufe ido. Da na buɗe babu kowa a hanya, kudu da arewa, kuma ban ji an tada inji ba."

Ya ɗaga kai ya kalli wayoyin nan biyu.

"In fatalwa ce, na yi ma mamaci aiki, wannan tsakanina da Allah ne. In kuwa da ranshi, to yana cikinsu, ko da so ko da tilas, kuma ni na kashe ƙarar mashin ɗin da ya gangaro kan masu yankan dawa. Kamilu bai yi mani ƙarya ba ke nan."

"Me ya hana ka faɗa tun ranar?"

"In faɗa a je a ƙone gidan Tasalla da ita a ciki?"

Ashe shirun da ya yi gaban igiya ke nan. Ya gwammace a tafi da shi bayan gari da ya ce na Mani ne a gano sabuwar huda. Na zage shi a zuciya, na kuma tashi na kawo mashi ruwa.

Da safe sai ga Inna Tasalla da silifan naɗe a gefen zane. Ta ce, "Malam Ɗanjummai, mai da shi inda yake. In yaron nan ya dawo ya sami abinshi." Baba ya karɓa, ya shiga rumfa, ya tsaya tsakanin wayar sama da ta ƙasa har na gama hura wuta. Sannan ya rataye a sama, na huɗu daga dama.

Tun daga ranar bai sake ɗaga guduma kan silifa ba. Yana faci, yana ɗaure sarƙa, yana wanke fulogi. Wanda ya zo da silifa a leda sai ya ce ido ya mutu, a je wani wuri. Rabin masu zuwa sun watse, don dama abin da ke kawo su ke nan. Yanzu mashinan unguwarmu duk kakaf-kakaf suke, tun daga tudu kana jin mai zuwa. Na taɓa yi mashi tsiya na ce Baba kunnenka bai dame ka? Ya ce gara a ji. Ya tsufa ƙwarai cikin shekara biyun nan, goro ma sai an daka mashi. Kamilu ya koma rusuna mashi duk safiya, shi kuma sai ya kalli mashin ɗinshi ya ƙi amsawa.

Fayif ɗin ni na ɗauke. Yana cikin kwallata ƙarƙashin gado, na ɗora zannuwa a kai, Baba bai taɓa tambaya ba. Duk da haka kowace safiya kafin in ɗora kasko sai na shiga rumfa na sa yatsa. Bakwai ne har yau. Akwai sauran wurin guda ɗaya kusa da igiyar silifan, daidai faɗin bakin fayif, na auna da babban yatsa.

Na daina zuwa suna, na daina zuwa niƙa da azahar. In Baba ya tafi masallaci ni ke zama kan benci, fuskata kudu. Wancan watan wani mai shago daga Safana ya aiko yana so na, mutumin kirki, har da atamfa. Na ce ya dawo bayan kaka.